Ƙuri'a Arba'in da Ɗaya

Babur ɗina na sayar na yanki fom.
Uwani ba ta ce uffan ba,
ta dai ɗauke hular kwanon daga bakin ƙofa
ta zuba albasa a ciki.

Shekara ashirin ina gyaran famfo a Gangare.
Na san unguwar nan ta ƙarƙashi:
inda bututu ya ruɓe tun zamanin haƙar kuza,
inda kwata ke gaisawa da ruwan sha
a bayan gidan burodi.
Na ce a bar wanda ya san ciwo ya nemo magani.
Suka ce, Haladu, kujerar kansila ba sifana ce ke kwance ta ba.

Mai hoto a Titin Bauci ya ce in yi murmushi.
Na yi. Ya ce in rage.
Ya goge tabon da guduma ta bar min a goshi,
ya ɗora min hular da ban taɓa mallaka ba.
Fosta ɗari biyar.
Ran da muka liƙa, ruwan Jos ya sauko da ƙanƙara.
Da safe na tarar da fuskata a lambatu
ta toshe hanyar ruwa,
ni da na yi alkawarin buɗe ta.
Ragowar kuwa Tabawa mai awara ta tsince;
na sayi ta ɗari biyu, aka ƙunsa min a kumatuna.

Gida-gida na bi, cikin sanyi mai ratsa ƙashi.
Kowa, "An gama, mai girma,"
da hannu a miƙe, ba na gaisuwa ba.
Wani tsoho ya riƙe ni ya yi ta addu'a,
a ƙarshe ya ambaci sunan abokin karawata.
Na shafa.

Na haye gada zuwa wajen su Davou,
gadar da a wasu shekaru ba ma hayewa bayan magariba.
Matarsa ta kawo gwate yana tururi.
Ya ce, "Kai ka gyara burtsatsen cocinmu ba ka karɓi ko sisi ba.
Sai dai ɗan ƙanwata ma ya fito."
Muka yi dariya har na ƙware.
Ya raka ni zuwa tsakiyar gada, ya tsaya.

Ana gobe zaɓe, mota mai baƙin gilashi ta toshe lungunmu.
Ambulan mai kauri, kuɗin babur biyu:
ka janye.
Ban karɓa ba.
Kada a ce jarumta ce,
Uwani ce a bayan labule take gyaran murya.

Sai layi, sai tawada a yatsa, sai jira.
Da la'asar aka zazzage akwati a kan bencin 'yan firamare,
ana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a na amsawa.
Da aka tattara na duk mazaɓa,
nawa ya tsaya a arba'in da ɗaya.
Waɗanda suka rantse min sun haura ɗari shida.

Ba su ne suka hana ni barci ba.
Na kwana ina lissafin arba'in da ɗayan nan:
ni, Uwani, yarana na aiki,
Tabawa wataƙila, don kunyar fosta.
A sha tara na maƙale.
Saura ashirin da biyu, ban san fuskarsu ba.
Suna nan a Farar Gada suna ɗaukar kwandon tumatir,
ko suna tura keke a hawan Dilimi.
Ba su ci kobona ba, ba su zo sun ce "ni ne" ba.
Tun daga ranar kowa na gamu da shi
sai in gaishe shi da hannu biyu,
ko da shi ne.

Ranar Litinin da sassafe yaro ya yi sallama:
bututun gidan sabon kansila ya fashe,
ruwa har cikin falo, baƙi na hanya.
Na saɓa jakar kayan aiki, na taka a ƙasa.
Da na kama sifana na ga tawadar tana nan a gefen farce.
Na ɗaure masa da kyau.
Kuɗin aiki kuma na karɓa cif.